Ramin da Bai Sha Jini Ba

An sayar wa mutane mushe da hatimin halal a jikinsa, kuma daga mayankarmu ya fita.

Mai Abinci ce ta gano. Shekara tara tana sayen cinyar saniya a wurinmu tana dafa wa ma'aikata. Ranar Laraba da hantsi ta shigo ofis da roba a ka, ta kife cinyar a kan teburin Manaja, a kan takardunsa.

"Tsaga nan," in ji ta. "Kai da ka yi boko, tsaga ka karanta mini."

Wani mahauci ya sa wuƙa. Jini ne daskare a cikin jijiyoyi, baƙi ƙirin, kamar an ɗura kwalta. Duk wanda ya taɓa riƙe nama ya san dabbar da aka yanka da ranta ba ta barin jini haka.

Ta ɗaga wayarta ta haska 'yar takardar da ke manne da ledar. Wayar ta yi ƙara, ta nuna kore: halal ce, an tantance.

"To ga wayarku ta ce na ci," ta ce. "Rabin naman nan kuwa yana cikin mutane tun jiya. Da hannuna na zuba musu."

Ta fita waje ta yi amai a bakin famfo.

*

Shekara guda ke nan da aka kawo mana na'ura. Da can mutanen hukumar tantance halal kan zo da ƙafarsu kowane mako, su tsaya a cikin jini, su shinshina nama, su duba bakin wuƙa. Yanzu an huce musu wannan wahalar. Kowace saniya da lambarta ta roba a kunne. Za ta bi ta wata siririyar ƙofa mai sikeli, kyamara ta ɗauke ta tana tafe da ƙafarta, na'ura ta karanta lambar. In an yanka, mai yanka ya dangwala yatsa a allon hannu, takarda ta fito. Doka kuwa ɗaya ce: saniyar da ba ta bi ƙofar nan da ranta ba, ba ta samun hatimi.

Mai riƙe da allon mace ce, ita kaɗai a cikinmu, don haka muke ce mata Mai Allo. Mahauta ba su taɓa ƙaunarta ba. Tun da ta zo, tsokar da kan bi aljihu zuwa gida ta daina bi.

Kafin azahar an taru a tsakar mayanka, kowa ya yanke hukunci.

"Ita ce mana! Wa ke latsa abin?"

"Dama mun faɗa. Yaushe gilashi ya san halal?"

Jami'in hukuma ya iso da farar riga da hanki a hanci. Ya buɗe kwamfutarsa ya duba. Ranar Talata mota ta kawo shanu goma sha huɗu. Sha huɗu sun bi ƙofa da rai. Yatsa sha huɗu. Takarda sha huɗu.

"Lissafin ya cika," ya ce. "Ke nan wani ya shiga na'urar ya rubuta ƙarya, kuma mutum ɗaya ke da mabuɗinta. Gobe da la'asar zan miƙa ta ga 'yan sanda."

Ina garke ina zuba wa shanu ruwa Mai Allo ta same ni. Ni ke tsaron garken mayanka yanzu, amma shekara ashirin da biyu na yi ina bin sawun shanun sata kafin gwiwa ta zaunar da ni. Ranar Talatar ba na nan, na je an cire mini haƙori.

"Kawu," ta ce, "wallahi ban taɓa komai ba."

"Kar ki rantse mini. Duk ɓarawon da na taɓa kamawa da rantsuwa ya fara."

"To me zan yi?"

"Nuna mini shanun."

*

Ta kunna mini hoton ƙofar a ofis. Jami'in na gefe yana bin lambobi da biro, yana gyaɗa kai. Ni karatuna aji uku ne, lamba ba ta dame ni ba. Ƙafafu nake kallo.

"Koma baya. Wannan jar. Ta nawa ce?"

"Ta tara."

"Ci gaba. Tsaya. Wannan fa?"

"Ta sha huɗu."

"Saniya ɗaya ce."

Jami'in ya yi murmushi irin na wanda ke lallashin tsoho. "Baba, lambobinsu daban ne."

"Ni ba babanka ba ne. Dubi ƙafar baya ta hagu. Kofaton waje ya zarce ya lanƙwashe, tana jefa shi gefe. In na sa hularka na fita kasuwa, na zama kai?"

Ya matso da kujera. Sau uku aka maimaita masa. Jeren lamba na'urar ke nunawa, ba jeren shiga ba: da lamba ta sha huɗu jar ta fara shiga, lokacin hutun azahar. Bayan an dawo aiki ta sake shiga a matsayin ta tara, ita ce ƙarshen yanka a ranar. A shigarta ta farko ba a ga fuskar mai janta ba, don an saita kyamarar ƙasa-ƙasa saboda ƙafafun dabba. Sai takalmin roba kawai, irin wanda kowa ke sawa a nan, amma na dama da jan faci a dunduniya.

"Na Dogo mai fiɗa ne," in ji Mai Allo a hankali.

"Wannan bai wanke ki ba," Jami'in ya ce mata. "Sai na ga mutum da sunansa."

*

Na fara zuwa rumfar Mai Fata, inda ake shanya fatun ranar. Kawunan an riga an sayar, amma yakan yanke kunnuwa ya tara a bokiti saboda lambobin da ake mayar wa ofis.

"Me kake tonawa, Mai Sawu? Yunwa ce?"

"Uwarka nake nema."

"Ta mutu ta bar maka gado, ci gaba da tono."

Na samu. Jan kunne mai huda biyu, ɗaya tsohuwa ta warke, ɗaya sabuwa da busasshen jini. Da wani farin kunne da aka yage lambarsa da filaya, kuma yagewar ba ta yi jini ba. Na naɗe su a leda na sa aljihu.

Dogo mai fiɗa ne, mutum kamar falwaya, kuma kowa ya san yakan sha abin da ba ruwa ba. Labarin facin ya riga ni isa. Na tarar mahauta sun zagaye shi, wani har ya ɗauko masaɓa.

"Takalmina ne, ban musa ba!" yana ihu. "Amma kullum da azahar a bakin ƙofa nake cire shi in tafi cin abinci. Ku tambayi kowa!"

"Kai da ba ka sallah, me ya raba ka da takalmi da azahar?"

"Wari! Mai abincin ba ta bari in shiga da shi!"

Na ce masa ya sa takalmin ya taka mini daga famfo zuwa bango, a kan danshi. Ya taka. Na auna da sandata: sanda ɗaya da taƙi guda tsakanin sawu da sawu. Na ce su ƙyale shi tukuna. Ba su so ba. Mutane in sun sami mashayi ba sa son a ƙwace musu shi.

Direba kuwa a ƙarƙashin motarsa na same shi, yana kwance wani ƙarfe da bai lalace ba.

"Sha huɗu na ɗauko, sha huɗu na sauke."

"Da ƙafarsu?"

"Da fiffike za su sauka?"

"Ƙarfe nawa ka iso?"

"Sha biyu da rabi. Taya ta fashe a hanya, muka yi awa uku a rana."

"Ina tamfol ɗinka?"

"Na wanke."

Na san mutumin nan shekara shida. Ko rigarsa ba ya wankewa sai ta tsaya da kanta.

*

Masu yanka uku ne a mayankar. Biyu samari ne da suka yi kwas aka ba su takarda. Na uku shi ne babba, wan matata, wanda nake kira Yaya. Gajeren dattijo mai farin gemu, shekara arba'in da wuƙa a hannu. In yana wucewa mahauta kan rage murya. Yatsu sha huɗun nan duk nasa ne, don ranar Talata shi ke kan aiki.

Na same shi a inuwa yana wasa wuƙa.

"Yaya, barka da hutawa."

"Barka kadai, mijin ƙanwata. Ya haƙorin?"

"Ya bar gida. Yaya, shanu nawa ka yanka ranar Talata?"

"Ni ƙirga nake? Kai ma ka sani. In na gama sai yarinyar nan ta miƙo gilashi ta ce dangwala nan, dangwala nan. Ko takardar sayar da gidana ce zan dangwala." Ya gwada kaifin a gashin hannunsa. "Abin da ya fi ƙarfin hannu aka ba gilashi, ga shi nan. Allah dai ya kyauta."

Maganarsa ta zauna mini. Gaskiya ce, haka ake yi. Na yi masa sallama na tafi.

*

Washegari da sassafe, lokacin da rana ke kwance kowane sawu na da inuwa, na bi jar saniyar.

Bayan siririyar ƙofa akwai wata ƙaramar ƙofa ta gefe, wadda ake fitar da dabbar da likita ya ƙi. Ta nan aka fitar da ita. Ga kofaton nan mai lanƙwasa, ya bi bayan garke ya zagayo ya koma cikin 'yan'uwanta. Ga facin takalmin Dogo kusa da shi. Na aza sanda: ko sanda ɗaya bai cika ba. Gaban takalmin kuma yana sharar ƙasa, alamar ƙaramar ƙafa na iyo a cikin babban takalmi. Kuma mai takalmin bai san shanu ba. Sau biyu ta taka shi, sau ɗaya ya faɗi da gwiwa da tafin hannu a cikin kashi. Hannun mai laushi ne, da zobe.

Mutum ɗaya ke sa zobe a wurin da ake aikin jini.

Daga inda mota ke tsayawa na ga wata shara mai faɗi, ta abu mai nauyi a kan tamfol. Ta nufi bayan tankin ruwa, lungun da ba mai zuwa saboda a nan ake zubar da kayan ciki. Mutum uku suka ja: mai facin nan, mai silifa da ya cinye ta gefe ɗaya irin na mai taka kulochi, da na uku mai takalmin roba irin wanda mutum ashirin ke sawa a mayankar. Wannan na ukun ne ban iya karantawa ba.

Sai da na isa bayan tankin.

Na daɗe a tsugune a wurin. Ƙudaje na hawa fuskata ban kore su ba. Daga nan na ɗauko tsohon kwando na kife a kan abin da na gani, na aza dutse, na tafi gida.

Matata na tankaɗe a tsakar gida.

"Lafiya, da rana tsaka?"

"Ranar Talata Yaya ya aiko da nama?"

Mai yanka yana da kasonsa na wuya a kowace rana, kuma tun da na aure ta bai taɓa fashin aiko mata da rabi ba.

"Bai aiko ba. Na ce ko don haƙorinka ne, ya san ba ka tauna."

"Gidansa fa?"

"Matarsa ta ce wake suka ci. Me ya faru? Kai, malam, dube ni. Me ya faru?"

"Zuba mini ruwa in sha."

*

Kafin la'asar na ce wa Jami'i ya tara su, amma ba a ofis ba. Ya zo bayan tanki yana ɗage ƙafar wando. Ga Manaja, ga Direba, ga Dogo, ga Mai Allo, ga masu yanka uku, mahauta kuma sun cika bayanmu har kan katanga.

Na zazzage kunnuwan a kan bulo.

"Farar saniya ta mutu. An yage lambarta aka maƙala wa ja, aka bi da ja ta ƙofa, na'ura ta rubuta farar ta shiga da rai. Aka fitar da ja ta gefe, aka mayar mata da lambarta. Manaja, kai ka ja ta, ga shatin zobenka can a cikin kashi. Ka sa takalmin Dogo don kar naka ya ɓaci."

"Kana da hankali kuwa? Ka san da wa kake magana?"

"Da wanda saniya ta taka sau biyu. Cire takalminka na hagu mu gani. In ba kumburi, ni za a kai wa 'yan sanda."

Bai cire ba.

"Direba, tamfol ɗinka ne, silifanka ne. Ba sai na wahalar da kai ba. Saura wanda ya sa wuƙa."

"Kowa na iya yanka mushe," in ji Jami'i. "Ko shi Manajan."

"Kowa na iya. Zo ka gani." Na nuna masa ƙasa da sanda. "Nan aka sauke ta, kanta na kallon katanga. Mutanen nan sauri suke, saura minti kaɗan a fito daga masallaci. Wanda ke sauri sai ya tsaga wuya a inda take, a ja ta ciki a jefa cikin yankakku, masu fiɗa su dawo su tarar. Amma dubi nan. Ga inda ƙaho ya ja layi, rabin da'ira. Ga dunduniyoyi sun nutse. An juya ta. An kuma birkice ta daga ɓarin dama zuwa na hagu. Matacciyar saniya, mutum uku, cikin zafin rana. Ina wuyanta ya koma kallo?"

Wani mahauci daga kan katanga ya ce, "Alƙibla."

Na ɗage kwandon.

Ɗan rami ne, faɗin kwanon sha, an haƙa shi da tsinin wuƙa, an tattara ƙasar gefe guda da tafin hannu, tsaf. Ramin tarar jini. Cikinsa a bushe, sai ɗigo uku baƙaƙe da tururuwa ke zagayawa.

"Mushe ba ya tsartuwa, kowa a nan ya sani. Wanda ya haƙa wannan ma ya sani, hannunsa ne bai sani ba." Na juya ga samarin nan biyu. "Ku, kun taɓa haƙa wa jini rami?"

"A kan siminti muka koya," in ji ɗayan. "Akwai magudana."

"A mayankar nan mutum ɗaya ne ya koyi yanka a kan ƙasa."

Ban dubi Yaya ba. Ban iya ba. Direba ne ya fashe.

"Na faɗa masa! Wallahi na faɗa masa! Na ce Baba, mushe ne, wace alƙibla kuma? Ya ce in kama ƙafa in rufe masa baki!"

Kowa ya juya wajen Yaya.

Yaya ya gyara tsayuwa.

"Da ranta ta iso. Tana kwance a mota tana numfashi. Na zare wuƙa zan hau, Manajan nan ya riƙe mini riga. Ya ce in na yanka a mota na'ura ba ta gani ba, ba hatimi. Wai a tashe ta ta bi ƙofa. Muka yi ta ɗaga ta, muna zuba mata ruwa, muna murɗa wutsiya, ina riƙe da wuƙa, har ta mutu a hannunmu. Shekara arba'in dabba ba ta taɓa mutuwa ina tsaye da wuƙa ba. Da an bar ni, halal ce. Halal ce tsantsa!"

"Da an bar ka," na ce. "Amma ba a bar ka ba, ta mutu. Daga nan fa, Yaya? Wa ya riƙe maka riga a bayan tanki?"

Ya juya ya dubi ramin.

"Ka hana gidanka, ka hana gidana, ka bar mutanen gari suka ci. Jiya kuma kana zaune kana wasa wuƙa, ka san yau za a tafi da yarinyar nan."

Jami'i ya sauke hankin daga hancinsa. Ina jin tambayar ta kuɓuce masa ne. "Da za ka yanka... ka yi bisimilla?"

"Baki ya saba," in ji Yaya.

Wani ya tofar da yawu. Dogo, mashayin da suka so duka jiya, ya cire takalmin nan nasa ya wurga su cikin kayan ciki, ya tafi ba takalmi. Mai Allo ta zauna a kan bulo ta rufe fuska da allonta.

Na ce wa Jami'i, "Rubuta da kyau. Ka rubuta har da cewa shekara guda rabonka da nan, kuma sai da aka kwatanta maka hanyar bayan tanki."

Wannan bai shiga rahoton ba. Na tambaya.

*

An rufe mayankar wata biyu. Da aka buɗe, an ƙara kyamara uku, an kuma yarda a yanka dabbar da ta faɗi a inda ta faɗi, in dai an ɗauka da waya. Sai da mutane suka ci mushe hankali ya zo. Manaja ya kwana biyu a hannun 'yan sanda, yanzu ina jin yana kula da wata gonar kaji ta surukinsa. Direba ya canza hanya. Mai Allo tana nan a bakin aikinta, kuma har yau mahauta ba sa gaishe ta. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ko mutum ɗaya.

Yaya ba a ɗaure shi ba, an ce ya tsufa. Hukuma ta soke sunansa kawai. Matata ta yi wata guda ba ta ce mini ko sannu ba, tana ajiye mini abinci kamar tana ajiye wa kare.

Ran nan da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidana. Matar Yaya ce, ta rufe wani abu a cikin mayafi yana motsi. Ta duba hagu da dama kafin ta fito da shi. Kaza ce.

"Taimaka ka yanka mini," ta ce.

"Ba ya gida ne?"

"Yana nan. Yana zaure, ya ga fitowata." Ta miƙo mini kazar, idonta a ƙasa. "Ya ce in kawo ya yanka. Yaran suka ce in ya taɓa ta ba za su ci ba."

"Ke fa?"

"Ni ma," ta ce.